Shin Ko Kun San? Idanun Da Ke Karanta Ƙurar Da Ke Bisa Gajimare

Shin ko kun san cewa gajimaren da muke gani, da hadarin da ke haɗowa daga gabas, da hazon hunturu, duk a hawa na farko na sararin sama suke? A ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya wannan hawa yana kaiwa kilomita 16 zuwa 18, a ƙuryar arewa da ta kudu kuwa bai wuce kilomita 8 zuwa 10 ba. Daga nan hawa na biyu yake farawa, wanda masana ke kira sitaratosfiya, ya miƙe har kusan kilomita 50. A can ba a ruwan sama. Iskar a bushe take ƙayau, kuma maimakon sanyi ya ƙaru yayin da ake hawa, ɗumi ne ke ƙaruwa, domin iskar ozon tana shanye wani kaso na hasken rana. Bafaranshe Léon Teisserenc de Bort da Bajamushe Richard Assmann ne suka sanar da gano wannan hawa a 1902, kowa a nasa ɓangaren, bayan sun yi ta sakin balan-balan ɗauke da ma'aunin zafi.

Rashin ruwan nan shi ne tushen labarin duka. Ƙurar hunturu, duk yawanta, kwanaki take yi ta sauka ko ruwa ya wanke ta. Abin da ya samu shiga hawa na biyu kuwa ba mai wanke shi, sai ya shekara ɗaya ko biyu yana kewaya duniya. Ko a lokacin da babu wani dutse da ya yi aman wuta, akwai wani siririn hazo na ɗigon ruwan asid ɗin farar wuta da ke shimfiɗe a wajen kilomita 20. Christian Junge ne ya bayyana shi a 1961, kuma har yau da sunansa ake kiransa.

Shin ko kun san cewa hasken da ake gano irin wannan ƙura da shi, ido ba ya ganinsa? A 1800 William Herschel ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu zuwa launukan bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusar da shi gaba da ja, inda babu komai sai duhu, sai ma'aunin ya fi tashi. Wannan shi ne hasken infared. Dangin igiyar rediyo ne, sai dai ta rediyo da mita ake auna zangonta, nasa kuwa da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da shi: ƙasa, teku, gajimare, har ƙanƙara. Ba ya jiran fitowar rana, dare da rana fita yake yi. Tauraron ɗan'adam yana karɓarsa ya mayar da shi lissafin zafi, kuma tunda sanyi ƙaruwa yake yi a hawa na farko, gajimaren da ya fi sanyi shi ya fi tsawo.

Da wannan dabara ake ƙiyasta ruwan damina a wuraren da babu ma'aunin ruwa. Tun shekarun 1980 masana a Jami'ar Reading ta Ingila ke ƙirga awannin da kan gajimare ya yi cikin tsananin sanyi a hotunan tauraron Meteosat, su fitar da adadin ruwan da aka samu a faɗin Afirka. Meteosat ɗin da ke lura da mu yana tsaye ne a nisan kilomita kusan 36,000, daidai saman tekun da ke kudu da Ghana.

Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a kan gajimare shi ne digiri 111 ƙasa da sifili. Tauraron NOAA-20 ne ya ɗauke shi ranar 29 ga Disamba 2018, a kan wani hadari kusa da tsibirin Nauru a tekun Fasifik. Hadarin ya yi ƙarfin da tsininsa ya huda rufin hawa na farko ya shiga na biyu.

Irin wannan huda, hadarin Sahel ma yana yin ta. A watan Agustan 2006 masana daga Turai suka yi sansani a Yamai, suna sakin balan-balan masu auna danshi cikin damina. Suka tarar da siraran shimfiɗu na danshi a can inda ya kamata iska ta kasance a bushe. Da suka bi sawun iskar baya a hotunan infared na Meteosat, sai sawun ya kai su ga manyan hadaran da suka taso a gabas. Ashe hadarin da ke sa manomi ya saɓa fartanya ya nufi gida a guje, a daidai wannan lokaci yana watsa garin ƙanƙara zuwa kilomita 18 ko fiye.

Shin ko kun san cewa na'urar rada ta jirgin sama ba ta ganin tokar dutse mai aman wuta? Ɗigon ruwa aka ƙera ta ta gani, toka kuwa busasshiya ce. Daren 24 ga Yuni 1982 wani jirgin British Airways samfurin Boeing 747, ɗauke da mutum sama da 260, ya taso daga Kuala Lumpur zuwa Perth, ya kutsa cikin tokar dutsen Galunggung na Indunusiya ba tare da matuƙansa sun sani ba. Fasinjoji suka ga wani shuɗin haske yana wasa a jikin injuna, hayaƙi mai warin farar wuta ya cika cikin jirgin, sannan injuna huɗun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Toka ce ta narke a cikinsu ta daskare kamar gilashi. Jirgin ya yi ta gangarowa daga ƙafa 37,000 ba inji, sai da ya fita daga tokar sannan injunan suka tashi. Da suka zo sauka a Jakarta, gilashin gaba ya goge ya yi dishi-dishi, sai ta wani ɗan siririn gefe matuƙan suka riƙa leƙen titin sauka. Ba wanda ya rasa ransa. A Disambar 1989 irin haka ta sake samun wani jirgin KLM a Alaska, cikin tokar dutsen Redoubt.

A wannan shekara ta 1989 wani masani mai aiki a Ostareliya, Fred Prata, ya wallafa dabarar da har gobe ake cin moriyarta. Ka dubi gajimare ɗaya a zango biyu, na maikiromita 11 da na 12. Ruwa da ƙanƙara sun fi shanye na 12, toka mai yashi a cikinta ta fi shanye na 11. Ka ɗebe zafin da aka karanta a na 12 daga na 11: in lissafin ya fita sama da sifili, gajimare ne na ruwa ko ƙanƙara, in ya faɗi ƙasa, to akwai alamar toka. Ragi ne irin na 'yan firamare, amma rayukan matafiya sun rataya a kansa. Yau akwai cibiyoyi tara a duniya da ke gargaɗin jirage game da toka, kuma wadda ke kula da sararin Afirka tana Toulouse ta Faransa.

Ƙurar hamada ma tana ba da wannan alama, tunda ita ma yashi ce. Shi ya sa a hotunan Meteosat da aka haɗa daga zangon 8.7 da 10.8 da 12, ƙurar hunturu ke fitowa da launin ruwan hoda. Ana ganinta tana tasowa daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Ana iya bin ta da ido daga can har ta rufe Maiduguri da Damagaram da Kano. Sai dai ita a ƙasa-ƙasa take tafiya, ba ta isa hawa na biyu ba.

Shin ko kun san cewa dutse guda ya taɓa sanyaya duniya baki ɗaya? Ranar 15 ga Yuni 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya fashe, ya aika da iskar farar wuta tan miliyan 15 zuwa 20 cikin sitaratosfiya. Cikin mako uku ta kewaye duniya. Tokar ba ta daɗe ba ta sauka, amma iskar ta haɗu da danshi ta zama ɗigon asid masu mayar da hasken rana baya. A 1992 zafin doron ƙasa ya ragu da kimanin rabin digiri. Can sama kuwa akasin haka aka samu, ɗigon suna shanye infared, sai hawa na biyu ya ƙara ɗumi. Har taurarin da ke auna zafin teku hazon ya ruɗa, suka riƙa nuna tekun yankin zafi ya fi yadda yake sanyi, sai da aka gyara lissafinsu da ma'aunan jiragen ruwa da na kan teku. An yi katari: wata uku bayan fashewar, hukumar NASA ta harba tauraron UARS mai ɗauke da na'urorin infared, suka bi wannan hazo suna auna shi.

Iskar farar wuta tana da nata tambarin, a zangon 7.3 da 8.7. Na'urorin zamani ba zango biyu ko uku suke dubawa ba. AIRS, wadda aka harba a kan tauraron Aqua a 2002, tana duba 2,378. IASI ta Turai, wadda ta fara tashi a 2006, tana duba 8,461. Da irinsu aka bi hayaƙin dutsen Nabro na Eritiriya, wanda ya fashe a Yunin 2011 alhali babu wani tarihin amansa da aka rubuta kafin nan.

Amma duk waɗannan ƙasa suke kallo, kuma hazon sama siriri ne, mai kallo daga bisa sai ya ratsa shi bai gan shi ba. Duk wanda ya tsaya a fili lokacin hunturu ya san wannan: ka ɗaga kai tsaye sama za ka ga ɗan shuɗi, ka dubi nesa wajen bakin gari sai fari fat, alhali ƙurar ɗaya ce, tsawon hanyar da ido ya bi a cikinta ne ya bambanta. To haka wasu taurarin ke yi. Maimakon su dubi ƙasa, sai su dubi gefen duniya, kallonsu ya ratsa ɗaruruwan kilomita na siririyar iska, bayansa kuma babu komai sai duhun sarari mai sanyi. A nan ko ɗan ƙanƙanin hazo ba ya ɓuya, kuma ana sanin tsawon da yake.

A ganina wannan kallo na gefe shi ya fi komai burgewa a wannan fanni, domin shi ya tona asirin wani gajimare mai kyau da mugun aiki.

Shin ko kun san cewa akwai gajimaren da ba ya haɗuwa sai sanyi ya kai digiri 78 ƙasa da sifili? A lokacin sanyin Antaktika, inda rana ke ɓacewa watanni, hawa na biyu yana yin sanyin da ɗan danshin da ke cikinsa da asid ɗin naitirik ke daskarewa, a tsawon kilomita 15 zuwa 25. In sanyin ya kai wajen 85, tsantsar ƙanƙara ce ke fitowa. Mutanen Norway da Sukotilan kan ga wani nau'insa bayan faɗuwar rana yana walƙiya da launuka iri-iri. Wata na'ura mai suna SAM II, a kan tauraron Nimbus 7 da aka harba a 1978, ita ta nuna cewa gajimaren nan ba abu ne na jefi-jefi ba, kowace shekara yana cika saman Antaktika. A lokacin ba a ɗauke shi a bakin komai ba.

Sai a 1985 Joe Farman da abokan aikinsa biyu, Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka sanar cewa ozon na saman tashar Halley yana zaizayewa duk shekara. A 1986 Susan Solomon da abokanta suka kawo bayani. Sinadarin kulorin da ya fito daga iskar firji da gwangwanin feshi yana zaune ne a sama a ɗaure, ba ya ɓarna. A jikin ƙwayoyin wannan gajimare ne ake kwance shi. Da rana ta dawo a watan Satumba, sai ya far wa ozon. Shekara ɗaya bayan haka, a 1987, aka sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal ta daina ƙera waɗannan sinadarai.

Matsalar SAM II ita ce rana take kallo ta cikin iska, lokacin fitowa da faɗuwa. Inda babu rana, makauniya ce, kuma tsakiyar daren Antaktika shi ne ainihin gidan gajimaren. Nan infared ya yi rana, tunda shi zafin gajimaren kansa yake karantawa. Na'urar MIPAS, a kan tauraron Envisat na Turai da aka harba a Maris 2002, ta riƙa ganinsa cikin duhu, har tana bambance irinsa, domin ƙwayoyin asid ɗin naitirik suna da wani tambari kusa da maikiromita 12. A Yunin 2003 ta ga wani abin mamaki: cikin 'yan kwanaki ɗamarar irin wannan gajimare ta bayyana a kewayen Antaktika. Da aka bincika, sai aka ga iska ce ke dukan duwatsun zirin Antaktika ta yi tsalle sama, ta yi sanyi farat ɗaya, ta haifi ƙwayoyin, sauran iskar ta kwashe su ta yi gabas da su.

Shin ko kun san cewa wani lokaci ma'aunin zafi kan yaudari masu auna tsawo? Ranar 15 ga Janairu 2022 dutsen Hunga da ke ƙarƙashin teku a ƙasar Tonga ya fashe. Dokar nan ta cewa mafi sanyi shi ne mafi tsawo ba ta aiki a hawa na biyu, tunda can ɗumi ke ƙaruwa. Sai masana suka haɗa hotunan taurari uku, na Japan da na Amurka da na Koriya ta Kudu, kowanne yana hango hayaƙin daga tasa kusurwar, suka lissafa. Tsininsa ya kai kilomita 57, ya wuce sitaratosfiya gaba ɗaya. Farar wutarsa kaɗan ce in aka gwada da ta Pinatubo, amma ya zuba tururin ruwa kimanin tan miliyan 146, wato wajen kashi goma cikin ɗari na dukan ruwan da ke wannan hawa.

Wutar daji ma tana isa can. A ƙarshen Disambar 2019 da farkon Janairun 2020 gobarar Ostareliya ta yi zafin da ta haɗa nata hadarin, ya ɗaga hayaƙi zuwa hawa na biyu. Wani dunƙulen hayaƙin mai faɗin kilomita 1,000 ya riƙa shan zafin rana yana hawa yana juyawa, har ya kai kilomita 35, kuma ya yi wata uku ana binsa. Wata na'urar infared ta Kanada da ke kan tauraron SCISAT ta ga sinadaran kulorin sun sauya fasali a inda hayaƙin ya bi, kuma daga baya Solomon da abokan aikinta suka nuna cewa ƙwayoyin hayaƙi ma na iya kwance kulorin, ba sai an samu sanyin Antaktika ba. Haka kuma takin zamani da kashin dabbobi: a 2019 masana daga Jamus suka nuna cewa hazon da ke taruwa a saman Asiya lokacin damina, a bakin hawa na biyu, yana ɗauke da gishirin da ya samo asali daga iskar ammoniya ta gonaki. Sun samu tambarinsa har a cikin tsofaffin ma'aunan infared da aka ɗauka daga jirgin sama jannati a 1997.

To ina ruwan Bahaushe da ƙurar da ke kilomita 20 a sama? Ruwansa ne kuwa, ruwan damina. A 2013 Jim Haywood da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Birtaniya suka duba tarihin Sahel daga 1900 zuwa 2010, suka ga uku daga cikin damuna huɗu mafi fari sun biyo bayan babban aman wuta a arewacin duniya. Dutsen Novarupta na Alaska ya fashe a Yunin 1912, damina ta 1913 ta ƙi, yunwar Kakalaba ta biyo baya. El Chichón na Meziko ya fashe a 1982, sai ga farin 1983 da 1984. Dalilin da suka bayar shi ne, in hazo ya sanyaya arewacin duniya fiye da kudu, ɗamarar ruwan sama takan ja baya zuwa kudu, ta bar Sahel a bushe. Dutse ba shi kaɗai ke kawo fari ba, zafin tekuna na da babban hannu, kuma farin shekarun 1970 ya riga El Chichón. Amma yana ƙara wa mai ciwo nauyi.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne, akwai masu shawarar a riƙa fesa farar wuta a hawa na biyu da gangan, a kwaikwayi Pinatubo don rage ɗumamar yanayi. Paul Crutzen, wanda ya ci kyautar Nobel kan binciken ozon, ya farfaɗo da maganar a 2006. Lissafin su Haywood ya nuna cewa in a arewa kaɗai aka fesa, Sahel ce za ta sha fari, in a kudu kaɗai, Sahel ta yi kore amma arewa maso gabashin Barazil ta bushe. Wanda zai yi feshin ba a Katsina ko Maraɗi yake noma ba. In wata ƙasa ko wani kamfani ya yi shi a ɓoye, shaidar da za a kama shi da ita tana wurin waɗannan na'urori, masu iya faɗin abin da aka zuba, da tsawon da yake, da ɓangaren duniyar da ya nufa.

Ga shi kuma taurarin da ke iya ganin wannan siririn hazo suna ƙarewa. Envisat ya yi shiru ranar 8 ga Afrilu 2012, ya tafi da MIPAS. Tauraron CALIPSO, wanda ya riƙa harba hasken leza yana auna hazo dalla-dalla tun 2006, ya kammala aiki a 2023. SCISAT na Kanada, wanda aka harba a Agustan 2003, don aikin shekara biyu aka ƙera shi, kuma ya haura shekara ashirin ana dogaro da shi.